Gishirin Inna

Tambayar da Auta ta fi tsana a duniya ita ce "me za a dafa yau?", kuma ita ce take tarbarta kullum da ta sauko daga mota da yamma. Ba don babu abin dafawa ba. Akwai shinkafa, akwai taliya da wake, firij ɗinsu ba ya rasa ƙwai da ɗan kifi. Matsalar tana ga bakin da za a dafa wa.

Tun bara ciwon mantuwa ya kama Inna, mahaifiyarta. Ta manta ranaku, ta manta cewa Baba ya rasu, wani lokaci ta tsaya a ƙofar banɗaki tana tambayar gidan wane ne wannan. Da safe ta gutsuri burodi ta kurɓi shayi, shi ke nan. Da rana maƙwabciyar da ke leƙa ta takan yi lallashin duniya a banza. Abinci ɗaya ya rage mata a yini, na yamma, shi ma da sharaɗi: sai in ita ta dafa. In wani ya dafa, sai ta dubi farantin ta ce ta ƙoshi, cikin ladabi kamar baƙuwa, kuma ko za a kwana ana roƙo ba za ta ɗaga cokali ba.

To, ga shi Inna ba ta iya girki yanzu. Ranar da aka bar ta da gas, tukunya ta ɗora ba ruwa, ta koma ɗaki tana ninke kaya, sai da hayaƙi ya fito da maƙwabta. Daga nan Auta ta samo dabararta. Ita za ta yanka albasa, ta soya, ta zuba ruwa, Inna kuwa tana zaune a 'yar kujera bakin ƙofar kicin tana kallon bayanta. Da miya ta tafasa sai Auta ta ɗaga murfi ta ce, "Inna, zo ki sa gishiri."

Nan ne za ka ga tsohuwar ta dawo. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta sauko da kwalbar gishirin nan mai shuɗin murfi daga kan kantar kicin, ta tsoma yatsu uku, ta barbaɗa daga sama, sannan ta karkaɗe hannu a cinya. Ba ta ɗanɗanawa. Tunda take ba ta taɓa ɗanɗana miya a kan wuta ba, kuma lokacin tana da lafiya har gori take yi wa matan da ke lasar ludayi. "Ni hannuna ya sani," in ji ta, "me zan tambayi harshe?" In an zuba abinci sai ta ce, "Wa ya dafa?" Auta ta ce, "Ke kika dafa, Inna." Sai ta gyaɗa kai ta ci, har ta suɗe yatsa.

A gidan wanki da guga Auta take aiki, wani dogon ɗaki mai zafi inda tururi ke sa gashin goshi ya manne. A teburin da ke kusa da nata akwai Gajera, mace mai baki, wadda ke jingina wayarta da buhun sitaci tana kallon masu koyar da girki, hannunta na kan dutsen guga. Rigar mutane nawa ta kusa ƙonawa a kan haka, Allah kaɗai ya sani. Amma ita ce ke amsa wa Auta tambayar nan ta kullum.

"Yau ki yanka dankali sirara, ki soya da albasa, ki fasa ƙwai a kai ki rufe. Kafin ki cire takalmi ya nuna."

Gobe kuma ta ce a gasa kifi da lemon tsami, jibi ta ce ragowar shinkafar jiya a soya ta da karas. Auta ta gwada duka. Wasu sun yi daɗi, wasu kuwa ko Gajera da ta kawo su ba za ta ci ba. Inna dai ba ruwanta da me ke cikin tukunyar, muddin hannunta ya ratsa ta samanta.

Sai mantuwar ta biyo ta har cikin kwalbar. Inna ta barbaɗa gishiri, ta juya, idonta ya sake faɗawa kan shuɗin murfin, ta sake barbaɗawa. Auta ta fita amsa waya, ta dawo ta tarar da ita tana ƙarawa. In ta ce, "Inna, ai kin sa," sai tsohuwar ta harare ta: "Ni za ki koya wa girki?" Abincin ya koma ba ya ciwuwa, Auta tana turawa da ruwa, Inna kuwa tana cinye nata tas. Ba a daɗe ba ƙafafunta suka kumbura har silifas suka daina shiga, numfashi ya fara yi mata wuya a kan matattakala.

Likita ya danna ƙaurinta da yatsa, ramin ya ƙi tasowa. Bai ɗago daga rubutunsa ba ya ce, "Gishiri ya fita daga abincinta. In ba haka ba zuciyar ba za ta ɗauka ba."

"Likita, in ba ta sa gishiri da hannunta ba, ba ta ci."

"Sai ku yi dabara," in ji shi, ya kira na gaba.

Yaya, babban wanta da ke aiki a wani gari, ya fi likita sauƙaƙa abin. Shi mutum ne da kowace matsala take da sauƙi a wurinsa, musamman wadda ba shi zai yi ba. "Ki ɓoye kwalbar mana," ya ce a waya. "Wannan har abin damuwa ne?" Ta ɓoye. Inna ta birkita kicin, ta zazzage tukwane, ta ce ɓarayi sun shigo, ta yi kuka. Ranar ba ta ci komai ba.

Washegari Auta ta zo aiki ido a kumbure. Gajera ta saurare ta, ta kashe waya, abin da ba ta cika yi ba. Can sai ta buga cinya.

"Ke, niƙa ɗanyar shinkafa! Kar ta yi laushi, ki bar ta da ɗan tsaki-tsaki, ki tankaɗe ki cika mata kwalbar. Idonta ba gani yake sosai ba. Ta zuba har ta gaji."

Auta ta rungume ta da dutsen guga a hannu. Da ta koma gida ta juye gishirin a leda ta cusa bayan firij, ta niƙa shinkafar a injin markaɗe, ta murza a yatsa ta ji. Wallahi kamar gishiri. Rabon da ta yi murna irin ta ranar har ta manta.

Da yamma ta dafa taliya da miyar kifi. Inna ta barbaɗa, ta sake, ta kuma sakewa, Auta na tsaye tana murmushi, har da cewa, "Ƙara, Inna." Da suka zauna ci, tsohuwar ta kai loma ta farko ta daɗe tana taunawa.

"Wa ya dafa?"

"Ke kika dafa, Inna."

"Ni?"

Ta ci rabi ta ture. Auta ta ce a ranta rabi ma ci ne, za ta saba. Kashegari aka yi wake da dankali. Inna ta tauna, ta ajiye cokali, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Wa ya sa gishirin abincin nan?"

Auta ta san abincin lami ne, ita ma harshe gare ta. Amma in ta ce ita ce ta sa, farantin ya zama na wani, Inna ta ƙoshi ke nan. Bakinta ya riga ya saba da amsa ɗaya, ita ce kuma ta fito.

"Ke kika sa, Inna. Da hannunki, ina kallo."

Inna ta juya tafin hannunta na dama ta duba, ta mayar kan cinya.

Ranar da abin ya ƙare, miyar tumatir ce da ƙwai, mai sauƙi, daga cikin dabarun Gajera. Rana ta kusa faɗuwa, ana jin ƙarar tukwanen maƙwabta ta taga. Auta ta ɗaga murfi ta kira ta kamar kullum. Inna ta zo, ta barbaɗa. Maimakon ta karkaɗe hannu, sai ta miƙa shi ta ɗauki ludayi. Ta ɗiga miyar a tafi, ta lasa.

Auta ta tsaya tana kallo. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin wannan ba.

Inna ta ƙara, ta juya, ta lasa. Ta sake ɗiba, wannan karon da yatsu biyar. Ta lasa. Miyar ta fara kauri tana ɓulɓula kamar kunu, ita kuwa tana ta zubawa, garin yana zuba a kan gas da ƙasa.

"Inna, ya isa. Inna, bari in gaya miki..."

Tsohuwar ta ajiye ludayin a hankali. Ta rufe kwalbar, ta murɗa murfin sosai, ta mayar inda take zama. Ta ɗaga hannun a gaban fuskarta tana dubawa kamar kayan aro.

"Hannuna ya mutu," ta ce. Ba kuka, ba faɗa. Ta fita daga kicin tana dafa bango.

Auta ta jawo ledar daga bayan firij, ta bi ta da gudu, ta durƙusa a gabanta tana kuka tana bayani: shinkafa ce, ni na niƙa, likita ne ya ce, ga gishirin gaskiya nan, taɓa ki ji. Inna ta saurare ta da kyau, har ta shafa mata kai ta ce ta daina kuka. Kafin a kira sallar magariba ta manta da shinkafar, ta manta da likitan, ta manta an yi wani bayani.

Abu ɗaya ne ba ta manta ba. Wannan ciwo da ya kwashe mata mijinta da sunayen jikokinta, ya ga dama ya bar mata wannan. Auta ta wanke kwalbar ta cika da gishiri na gaske, likita ya yi ta kansa. Da yamma ta ɗaga murfi ta ce, "Inna, zo ki sa gishiri." Daga falo aka amsa mata, "A'a, 'yar nan. Kar in ɓata miki. Hannuna ya mutu." Haka gobe, haka jibi. 'Yar kujerar bakin kicin ta zama wurin ajiye kwandon albasa.

Kumburin ƙafar ya saɓe, silifas suka koma shiga, har suka yi mata yawa. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta sau biyu. Yaya ya kira ya ce a gwada mata abin da take so mana, tsofaffi ai sai da lallashi. Gajera ta daina kunna masu girki a wurin aiki, sai dai in an tashi ta matso ta ce a hankali, "Ko romo za ki gwada? Mai ɗan ruwa-ruwa, ko kurɓa ta yi." Auta ta ce to. Ba ta jin haushin Gajera. Ta so ta ji, ko ta samu inda za ta sauke abin da ke cinta, amma ta rasa ta inda za ta fara.

Ta yi romon kaza, da albasa da ɗan karas, ta bar shi ya dahu har naman ya saki ƙashi. Ta kai faranti gaban Inna, ta kawo kwalbar ta buɗe, ta kamo hannun tsohuwar ta kai bakin kwalbar da kanta. Hannun ba nauyi. Yatsun suka dunƙule, suka ƙi shiga.

"Ko ƙwaya ɗaya, Inna. Don Allah. Don Allah, Inna."

Inna ta zare hannunta ta ɓoye a cikin mayafi. Ta sunkuya ta shaƙi tururin, fuskarta ta ɗan saki.

"Yarinya, kin iya girki," ta ce. "Wa ya koya miki?"

"Ke ce."

"Allah sarki. Da ni ma na iya." Ta ture farantin da bayan hannu, a hankali don kar ya zube. "Na ƙoshi. Allah ya yi miki albarka."

Auta ta zauna har romon ya huce, mai ya kwanta a samansa. Sannan ta kife masa wani faranti ta kai kicin. Ta buɗe firij, ta tarar da na jiya da na shekaranjiya da na kafinsu a jere, kowanne a rufe, babu inda za ta sa wannan. Ta tsaya riƙe da shi, ƙofar firij ɗin a buɗe.