Bindiga Mai Shan Ruwan Wardi

Ni direba ne a wani gida a Al Wukair, nan ƙasar Larabawa, amma ranar Juma'a maigida ya kira ni majalisarsa in goge sabon kayan adonsa. Tsohuwar bindiga ce mai jigida, ta zamanin Turawan mulki, ta sha gyara sai ƙyalli take kan jar darduma.

"Haladu, ka ga wannan tulun da ya lulluɓe hancinta?" in ji maigida. "Ruwa ake zubawa ciki don kada ta yi zafi in ta daɗe tana harbi. Yalla, cika shi da ruwan wardi, baƙi su ji ƙamshi."

Ni Basakkwace ne. Kakata ta sha ba mu labarin yadda irin wannan ta zubar da mutanenmu a yaƙin Giginya, har da kakanta. Ashe har shayar da ita ake yi don kada ta gaji da kisa!

Na cika tulun. Baƙi suka zo suna shafa ta, suna ɗaukar hoto, suna yaba ƙamshi. Na fita na tofar da yawu.

Kakata ta ce kakan nata yana roƙon ruwa ya cika.