Launin Ɓerayen Sausan

Shekara huɗu Sausan ta yi tana aikin digirinta na uku, ba ta taɓa sauka ɗakin ɓeraye ba. Haka tsarin cibiyar yake. Masu farar riga suna sama cikin sanyi, Ammu Shahhat, mai kula da ɓerayen, yana ƙasa cikin wari. Shi ke yanka ɓera, ya tatso ɓargon cinya, ya hau da shi a 'yar kwalba kan ƙanƙara. Ko gaisuwarsa da ka ake amsawa.

Aikinta a kan dafin cutar saifa ne, wadda ke kayar da shanu har ta haɗa da mahautan. Dafin nan in ya sami ƙwayoyin garkuwar jiki, kafin awa uku sun fashe. Ta gani da idonta a shekarar farko, daga nan Farfesa Midhat, mai duba aikinta, ya hana a maimaita.

"Dafin kaɗan ne, 'yata. Abin da muka riga muka sani, me za mu sake tambaya?"

Sai ta koma zuba dafin tare da wani magani da take tacewa daga ciyawar hamada. Shekara biyu ƙwayoyin suna mutuwa abinsu. Wani watan Satumba ta canza yadda take tacewar, suka daina mutuwa. Ranar har kuka ta yi. Aka buga sakamakon a mujalla, sunan Farfesa a gaba, ya je Alƙahira ya sha tafi.

Saura kwana takwas ta kare aikin a gaban alƙalan jami'a, ta ga ya kamata ta sa hoton ɓerayenta a jawabi. Ta toshe hanci ta sauka. Keji bayan keji, duk baƙaƙe ne wuluk, alhali ita farare ta san ana yanka mata.

"Ammu Shahhat, ina fararen?"

"Fararen? Haba Dakta, ai sun daɗe da zama tarihi! Tun Agustan bara waccan da na'urar sanyi ta lalace, zafi ya share su tas. Farfesa ya ce in karɓo waɗannan a sashen maƙwabta. Ni dai a wurina ɓera ɓera ne, duk cizo suke yi."

Sausan ta sake duban kejin. Ko ɗan aji ɗaya a fanninsu ya san ƙwayoyin wannan jinsin baƙin ɓeran ba sa fashewa da dafin saifa, da magani ko babu. Ta hau sama, ta zuba ragowar dafin shi kaɗai a kan ƙwayoyin. La'asar ta yi suna nan garau. Ashe ciyawarta ba ta taɓa ceton komai ba.

Ta sami Farfesa yana shan shayi. Ya saurare ta har ƙarshe, cokali na kewaya kofi.

"Rufe ƙofa. Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Yarinyar kirki. Je ki kare aikinki yadda yake. Ina nan, wa zai taɓa ki? Bayan taro sai mu gyara a tsanake."

Ta san ba daidai ba ne, sarai ta sani. Amma mahaifiyarta ta gama shelanta wa dangi kaf a garinsu Sohag cewa 'yarta za ta zama dakta, har an yanki tikitin jirgin ƙasa. Sausan ta binne maganar, kunyar kanta ta hana ta cin abinci har ranar taron.

Zauren ya cika. Furanni a kan tebur, tiren kek ɗin basbusa a baya an rufe da leda, mahaifiyarta a layin gaba cikin sabuwar baƙar riga, ba ta fahimtar komai amma tana gyaɗa kai ga kowace magana. Alƙalai uku suka zauna cikin rigunansu na jami'a. Ɗaya daga cikinsu, baƙon da ya zo daga Iskandariyya, ya yaba aikin sosai, har Sausan ta fara numfashi.

Sai Farfesa Midhat ya jawo makirfo, yana murmushi.

"Sausan, 'yata, tambaya ɗaya ce, ƙarama. Ɓerayenki wane launi ne?"

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Baƙon Iskandariyya kaɗai ya ajiye alƙalaminsa.

Ta dube shi. Bai ko ƙifta ido ba. Nan ta gane cewa tun ranar da ta rufe masa ƙofa ya shirya wannan, ita za a miƙa don rigarsa ta fita fes.

"Baƙaƙe ne," ta ce.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Baƙaƙe."

"Yaushe kika sani?"

"Kwana takwas ke nan. Kuma na zo na gaya..."

"Kwana takwas!" Ya dafe ƙirji, ya juya ga alƙalan. "Kun ji da kunnenku. Kwana takwas tana sane, ta tsaya gabanmu tana zuba. Wallahi ni sai jiya na sauka da kaina na gani, nan take na rubuta wa mujallar su janye. Yarinyar da na riƙe kamar 'yar cikina!"

Ta buɗe baki, amma an riga an kashe makirfonta. Can bakin ƙofa ta hango Ammu Shahhat riƙe da butar shayin baƙi. Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya ya fice.

Alƙalan suka tattara takardunsu, suka miƙe gaba ɗaya. Mahaifiyarta ta ga manya sun miƙe, kuma an gaya mata tun a gida cewa in sun miƙe to an gama. Ta tashi tsaye, ta ɗora tafin hannu a saman leɓe, ta rangaɗa guɗa mai tsawo, ita kaɗai a zauren.