Wuƙar Baban Fourera

Maikano ba mugun mutum ba ne, wannan kowa a masallacin Juma'a na Greensboro, can Amurka, zai shaida. Cutarsa ɗaya ce, ba ya so a gan shi da abu mai arha. Ko takalmin da yake zuwa aiki da shi, a wani katafaren ɗakin ajiyar kaya da ke titin Wendover inda yake tuƙa motar ɗaga kaya, sai ya goge shi kamar mai zuwa ɗaurin aure.

A wurin aikin nan yake da aboki, wani Bature ɗan gari mai suna Malachy, dogo mai jan gemu, wanda ba shi da hira sai ta daji. Duk ƙarshen mako shi da abokansa sukan fita su kafa tanti, su hura wuta da ƙyastu, su sassaƙa cokali da itace, su dawo suna warin hayaƙi suna murna. Maikano ya daɗe yana mamakin wannan hali. Mutum yana da gida mai lantarki da ruwan zafi, ya kulle shi ya tafi neman cizon sauro! Amma ranar da Malachy ya gayyace shi, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ai mu a daji muka tashi," in ji shi.

Alhali a Fagge aka haife shi, dajin da ya sani bai wuce wanda ake hangowa ta gilashin mota a hanyar Zariya ba.

Malachy ya ce ba sai ya wahalar da kansa ba, ya zo da bargo da wuƙa kawai, irin wadda ba a naɗewa. "Ka shiga kowane babban kanti ka ɗauki mai arha. Ita muke so."

Maikano ya shiga kantin, ya same su a rataye reras, ƙotar roba ruwan lemo, kuben ma roba. Ya juya ɗaya a hannu, ya taɓe baki. Wannan ai ta yankan albasa ce. Nan take zuciyarsa ta raya masa cewa Malachy tausayinsa ya ji, yana ganin ɗan Afirka ba zai iya sayen ta kirki ba. Ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya fito yana cika yana batsewa.

A gida kuwa akwai wata wuƙa, sai dai ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, Fourera, 'yar Damagaram, wadda ke aikin kula da tsofaffi. Mahaifinta mahauci ne, da wuƙar ya ciyar da su, kuma ita ya danƙa mata ranar da za ta taho Amurka, saboda ba shi da abin da ya fi ta daraja a wurinsa. Ya rasu tana nan, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ƙirar maƙeran can ce, doguwa mai ɗan lanƙwasa, an naɗe ƙotarta da jar fata da ta koma baƙa don shan gumi da kitse, akwai wani ɗan kwarmi inda babban yatsan tsohon ya cinye ta. A ƙasan akwati take kwana cikin wani zane. Sau ɗaya take fitowa a shekara, ranar layya, Maikano ya yanka ragon Fourera da ita a wata gona, ita kuma ta wanke ta da hannunta, ta shafa mata mai, ta mayar.

Ranar Asabar da safe Fourera tana wurin aiki, Maikano ya buɗe akwatin. Ya ce wa kansa aro ne, gobe da yamma za ta koma kamar ba a taɓa ba.

Da suka isa wurin da za su sauka, a bakin wani rafi cikin dogayen itatuwa, kowa ya fito da kayansa. Abu na farko da Maikano ya lura da shi ya sa jikinsa ya yi sanyi. Kowa a ƙugunsa wuƙar roba ce. Har wata likitar haƙori da ta zo cikin mota mai tsadar gaske, irin wadda ya raina a kanti ce a hannunta, tata ma ƙotar ta ƙone gefe ɗaya.

Malachy ya tsayar da wani gungume, ya ɗora bakin wuƙarsa a kai, ya ɗauki kulki ya yi ta jibgar bayanta har itacen ya rabe biyu. Maikano ya kasa haƙuri.

"Za ka karya ta fa!"

"In ta karye na sayi wata," in ji Malachy yana dariya. "Daɗin abin ke nan. Ina da mai tsada a gida, kyautar ƙanena ce, ban taɓa yanka ko igiya da ita ba don tsoro. Wannan kuwa in yi faskare da ita, in tona rami, in ara wa wanda ban sani ba. Ta faɗa ruwa, ba zan bi ta ba. Kuma a kanta na koyi wasa wuƙa, na ɓata baki ya fi a ƙirga kafin hannuna ya faɗa. Ƙarfenta mai kyau ne, ado ne kawai ba ta da shi. Ina taka?"

Da Maikano ya so, da ya ce ya manta. Amma an taru ana kallonsa, sai ya zaro ta daga jaka. Aka matso, ana shafa ɗinkin kuben, ana tambayar wace irin fata ce. Kansa ya fara kumbura. Ya shiga ba su labarin maƙera da dukawa kamar a cikinsu ya girma. Malachy ya karɓe ta da hannu biyu, ya daɗe yana juya ta a hasken rana.

"Ban taɓa riƙe wuƙa mai kyan wannan ba," ya ce a hankali.

"Ɗauka," in ji Maikano. "Na ba ka."

To, duk wanda ya tashi a gida ya san wannan magana. Baƙo ya yaba hularka, ka ce ɗauka. Shi kuma ya ce haba, ai da kai ta dace, Allah ya bar maka. Ka sake tayi, ya sake ƙi, a rabu kowa da mutuncinsa, hula tana kan mai ita. Kara ce, ba kyauta ba. Maikano bai ma san lokacin da maganar ta fita ba. Ya tsaya yana jiran a ƙi.

Malachy ya zaro ido. "Da gaske kake? Ba za ta rasa tsada ba."

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Amma likitar haƙori tana kallo, sauran ma suna kallo, kuma mai kara ba ya kuranta kayansa.

"Wace tsada? Tsohon ƙarfe ne. A kasuwarmu tuli ake zuba su a ƙasa, ko kuɗin taku ba su kai ba."

Sai ji ya yi an rungume shi. Malachy har idonsa ya kawo ruwa. Ya kwance tasa mai ƙotar roba daga ƙugu ya cusa masa a hannu, wai ba zai bar ɗan'uwansa hannu rabbana ba. Aka tafa musu. Maikano ya yi ta murmushin yaƙe. Naman da aka gasa ranar bai san ɗanɗanonsa ba.

Ya dawo gida ya ɓoye wuƙar robar a ƙarƙashin tayar safaya. Kullum sai ya ga Malachy a wurin aiki, kullum sai ya shirya maganar tun a mota, da sun haɗu kuma sai ya ɓige da hirar aiki. Ta ina zai fara? Ya ce a garinmu in an ce maka ɗauka ana nufin kar ka ɗauka? Ya ce kayan matata na sato na yi burga da shi? Yara ƙanana ne ke ba da abu su dawo suna kuka a mayar musu. Sai ya ce gobe. Goben ta yi ta haihuwar wata goben har Babbar Salla ta ƙarato.

Wata Lahadi bayan azahar yana zaune a falo, ya ji ƙarar zik ɗin akwati daga ɗaki. Can Fourera ta fito riƙe da zanen, ba komai a ciki.

"Malam, ka ga wuƙar Baba?"

Ya yi niyyar ƙarya, Allah ya sani ya yi niyya. Amma da ya ga yadda ta ƙanƙame zanen, sai ya kasa. Ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa, tun daga kantin wuƙaƙen roba har zuwa tafin da aka yi musu. Ba ta katse shi ba. Ya fi so ta yi masa ihu, ta ƙi.

"Bon," ta ce da ya gama, wato "to" a Faransancin ƙasarsu. "Tashi mu je."

"Bari in fara kiransa, ko gobe a wurin aiki in..."

"Ka yi goben da yawa, Malam. Ɗauko makulli."

Malachy a ƙauyen McLeansville yake, gida ɗaya tilo a bayan wata gona, da rumfar aiki a gefe. Suna tsayawa ya fito daga rumfar da ƙurar katako a gemu, ya tarbe su da fara'a, ya ce yau ga matar abokinsa da yake ta jin labari. Kafin Maikano ya haɗa kalma biyu, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya! Dama ina so in ba ka mamaki. Ku shigo."

Ya buɗe wata durowa ya fito da wuƙa, ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa yana washe baki. Da ƙyar Maikano ya gane ta. Baƙin ƙarfen nan an goge shi yana sheƙi kamar cokalin otal. Ta gajarce, lanƙwasar ta tafi. Jar fatar babu, kwarmin yatsa babu, sai wata sabuwar ƙota ta katako mai santsi da ƙusoshin tagulla.

"Tsinin ya karye ranar da na gwada faskare da ita," in ji Malachy, "sai na rage ta a injin. Fatar kuma ta tsufa, tana wari in ta jiƙe, na yanke ta. Na daɗe ina son koyon saka ƙota, ban samu wadda zan saki jiki a kanta ba. Da ka ce mini mai arha ce sai hankalina ya kwanta. Da mai daraja ce wallahi ko taɓa ta ba zan yi ba."

Maikano ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gumi ya karyo masa duk da iskar da ke shigowa rumfar. Bai iya kallon matarsa ba, sai takalminsa.

Fourera ta miƙa hannu ta karɓa. Ta riƙe ƙotar, ta ɗora babban yatsanta a inda ta saba ɗorawa, ya zame. Ta sake gwadawa.

"Fatar da ka cire," ta ce da Turancinta mai gardin Faransanci, "tana nan?"

"Ai tuni motar shara ta tafi da ita." Sai a lokacin Malachy ya dubi fuskokinsu da kyau, murmushinsa ya fara gushewa. "Lafiya? Na yi wani laifi ne? Maikano, in kana son abarka, ga ta, wallahi ba komai."

Wannan ce gaɓar da ya kamata Maikano ya buɗe baki ya ɗauki laifinsa. Sai ya ci gaba da kallon takalminsa. Fourera ta jira shi kaɗan, sannan ta juya wuƙar ta miƙa wa Malachy ta wajen ƙota, kamar yadda ake miƙa wa babba.

"Ba ka yi laifi ba. Mijina ya ba ka, taka ce. Aikin ya yi kyau, hannunka na da albarka. Dama wucewa muka zo yi, na ce mu tsaya in ga abokin nan nasa."

Malachy ya sauke ajiyar zuciya. Ya rantse sai sun sha shayi, suka zauna suka sha. Fourera ta yaba gonar, ta tambayi lafiyar iyayensa, har ta yi dariya da ya ba da labarin yadda Maikano ya yi fama da tanti. Da za su tafi ya cika musu leda da tumatir.

Sun hau babban titi kafin Maikano ya yi magana.

"Fourera, don girman Allah ki yafe mini. Zan sa a ƙera miki irinta sak a Damagaram, zan..."

"Irinta tuli ne a kasuwa, ai kai ka faɗa." Ba ta ɗaga murya ba, idonta na kan gonakin da ke wucewa. "Na rufa maka asiri a gaban Bature, Malam, don ba na so a ce mijina ƙaramin mutum ne. A gabana kuma ban san wanda zai rufa maka ba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ledar tumatir tana kan cinyarta, ta gyara mata zama don kada su fashe, suka ci gaba da tafiya.