Ɗan Wace Saniya Ne?

Lorna na tsaye da tukunyar miyar kaza a hannu, sai ga Orval ya fizge robar iskar da ke hancinsa, ya ce a miƙo masa takalmansa.

"Ina kuma za ka, tsoho?"

"Maruƙana ba su sha ruwa ba."

"Maruƙanka suna gidan turka tun kaka. Da hannunka ka loda su a mota, a gabana."

Ya ɗaga ido ya kalli silin. "Amma dai nawa ne."

"Naka ne. Mayar da abin nan hancinka kafin 'yarka ta shigo ta ce ni na kashe ka."

Shingen waya ne kawai ya raba gonar Lorna da ta Orval Hruska. Tun rasuwar mijinta shi yake yanka mata ciyawa, ita kuma take kai masa miya tun da matarsa Ione ta rasu. A saninta, idan kaka ta yi, mutum ya kai maruƙansa gwanjo, ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan. Bana Orval ya ƙi. Ya tura su gidan turka, shi ke biyan abincinsu, suna nan a matsayin nasa har a yanka, a feɗe, a duba naman, a biya shi gwargwadon kyansa. Lorna ta kasa gane wannan ciniki. Dabba ta bar gidanka, wani ke ciyar da ita, ba ka ganinta, a ce kuma taka ce?

"Na tsufa ina yi wa wasu kiwo," ya taɓa ce mata, "ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin fatar ba."

Amma ta san maganar ta Gurguwa ce, wata tsohuwar jar saniya, jikar karsanar da Ione ta zo da ita gidan. Orval ya rantse babu mai haifar nama irin nata. 'Yarsa Marlis, da ke aiki a birni, za ta sayar da garken bayan ransa, amma ta yi masa alkawari: saniyar da ɗanta ya fi kowa kyau za ta zauna a wurin Lorna har ta mutu. Don haka ya sa wa kowane maraƙi lambar uwarsa a kunne.

Da rana mota ta tsaya a ƙofar gida. Marlis ta shigo da Gaylen, mai kula da gidan turkar, hularsa a hannu ɗaya, gwangwanin kofi a ɗayan.

"Baba, ga baƙonka."

"An yanka su, Orval," in ji Gaylen. "Sun yi kyau. Akwai ɗaya kuwa, mutanen mayanka sai da suka taru a kansa. Kitse ya ratsa tsokar ko'ina kamar an yi saƙa. Ya fi na kowa a ranar."

Orval ya yunƙura, Lorna ta tura masa matashi.

"Na wacce saniya ne?"

Gaylen ya juya hularsa. "Ka san yadda muke yi. Shanun da muka saya, da zarar sun sauka sai a yanke lambar kunne ta dā, a sa tamu. Masu saukewa sun ɗauka naka ma saye ne. Babu wanda ya gaya musu." Ya ajiye gwangwanin a kan bargo. "Ga su nan, na sa an tsinto maka."

"Na sayar maka ne?"

"A'a."

"Marlis, na sayar masa?"

"Ba ka sayar ba, Baba."

"To in nawa ne, yaya aka yi ban san na wacce ba ne?"

Orval ya zazzage gwangwanin, lambobi ruwan ɗorawa suka watsu a cinyarsa, wasu da sauran gashi a jiki. Ya lalubo ta Gurguwa ya damƙe. Sannan ya juyo ga Lorna.

"Ione, ke kin san su. Gaya mini."

Marlis ta taɓa ƙafar Lorna, tana gyaɗa mata kai, hawaye na zuba. Kalma ɗaya ce kawai za ta faɗa: Gurguwa. Lorna ta buɗe baki, ta rasa ko ita ake tambaya ko marigayiya. Tsawon zamansu ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, hatta ranar da ya zo yana yabon wani sa da ya sayo, ta ce masa wannan sa kan jaki gare shi.

"Ban sani ba, Orval."

"Ke dai," ya ce, kamar zai yi dariya, "ba ki da amfani."

Ya rufe ido. Kafin inuwar rumbun ciyawa ta kai shinge, ya cika. Sai da Lorna ta ɓamɓare yatsunsa kafin ta cire lambar.

Bayan jana'iza babbar mota ta zo kwasar shanu. Marlis ta tsaya a bakin garke da baƙaƙen takalman coci.

"Inna Lorna, wacce zan bari? Alkawari na yi, kuma ban san wa na yi wa ba."

"Ni ma ban sani ba. Da na ce masa na Gurguwa ne, ko? Me zai rage ni da shi?"

Marlis ta juya ta dubi shanun.

Shanun suka bi layi suna hawa mota. Gurguwa, yadda ta saba, ta makale a baya wajen kwamin ruwa. Direban ya ɗaga murya: "Uwa, akwai saura?"

Lorna ta ja ƙyauren, ta sa sarƙa.

Motar ta tafi. Famfon da iska ke kaɗawa yana ta juyawa, ruwa na tsiyaya cikin kwami. Jar saniyar ta ɗago baki yana ɗiga, ta dubi hanya, sannan ta ci gaba da sha.