Ranar Da Aka Goge Baba Ezekiyel

Karo na bakwai ke nan Raliya ta danna, karo na bakwai kuma jan akwatin nan ya fito mata a fuskar kwamfuta da Turancinsa na rashin kunya: ba za a kafa layin saƙo ba, akwai mai wannan suna a rajista. Ta ja tsaki, ta dubi agogon bango. Sha ɗaya ta wuce.

Asibitin Dakta Kumai da ke Kafanchan yana da rassa uku, a Kagoro da Nok da Kauru. In reshe ya gwada jinin mara lafiya, sai ya turo sakamakon zuwa babbar kwamfutar da ke nan don likita ya gani. Da yake netwok ɗin can sai ya ga dama yake zuwa, saƙonnin kan yi layi su jira, kamar masu ɗiban ruwa a famfo. Sai dai haƙurinsu na kwana huɗu ne, daga nan su ɓace. Ran Litinin da ƙarfe uku tsawa ta ƙone babbar kwamfutar. Yau Juma'a.

Yau ne kuma watanni ukun gwajin aikin Raliya ke cika. Dakta ya faɗa mata ba kwana-kwana: sakamako ɗaya ya ɓace, ta tattara nata ya nata. Yana da ɗan ƙanwar matarsa a Jos wanda wai ya karanci kwamfuta, wato yana zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Raliya kuwa shekara biyu ta yi a gida da takardarta kafin ta samu wannan kujera, kuma wallahi tana tsoron komawa.

Babu abin da ba ta duba ba a sabuwar kwamfutar da aka kawo madadin wadda ta ƙone. Agogonta daidai, waya a jone, izini cikakke. Ta kira Jamiluddeen, abokin karatunta a Zariya, ya ce ta kashe ta kunna. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta kashe wayarta ta bar shi.

Sai da ta shiga babbar rajista, wadda ke riƙe da sunan kowace kwamfuta da kowane ma'aikaci a asibitin, sannan ta ga mugun. Tsohuwar kwamfutar ta ƙone, amma sunanta na nan zaune daram da tsohon layinta, ya tare wa sabuwar wuri. Sunan kuwa EZEKIYEL. Baba Ezekiyel, mai kula da kwamfutocin asibitin wanda ya kafa komai shekarun baya, bai ga sunan da ya fi nasa dacewa ba. Rassan uku duk wannan suna suka sani, kuma zagayawa a canza musu da daminar nan, hanyar Kauru kaɗai ta isa ta cinye kwana guda. Maganin ɗaya ne: a goge tsohon, a raɗa wa sabuwar sunan.

Ta kai hannu ke nan Dakta ya shigo. Ya leƙa ta bayanta, ya karanta tambayar da kwamfuta ke yi: kin tabbata za ki goge EZEKIYEL?

"Yesu," in ji shi a hankali. "Cire hannunki."

Matsalar ita ce Baba Ezekiyel ya rasu mako biyar da suka wuce, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun kafin Raliya ta fara aiki, kuma har yau yana kwance a mutuware, ɗakin ajiye gawa, yana jiran ɗansa ya samu jirgi daga Kanada. Dattawan gidansu sun ce kada a taɓa komai nasa sai an binne shi. Kofin shayinsa ma yana nan kan tebur, ya yi gansakuka. Raliya ta yi bayani iya bayani cewa wannan ba mutum ba ne, suna ne a rajista. Dakta ya ce ai shi ya fi muni. Yaya zai tsaya gaban dattawa a ji cewa asibitinsa ya goge sunan mutum tun gawarsa ba ta ga ƙasa ba? Ya ce ta nemi wata hanya, kuma ƙarfe uku na nan ƙarfe uku.

Raliya ta tuna kakanta, wanda ya cika bayan asuba, kafin azahar har an dawo daga maƙabarta ana rabon gumba. Ba ta faɗa ba, don tana son aikinta.

Endurance mai karɓar baƙi, wadda kunnenta ya fi netwok ɗin asibitin ƙarfi, ita ta ja ta gefe. Ta ce duk dattawan nan mutum ɗaya suke tsoro, ita ce matar marigayin.

Ɗan acaɓa ya sauke Raliya a ƙofar gidan wajen ƙarfe ɗaya. Ta tarar da Mama Joanna cikin baƙaƙen kaya, 'yan zumuntar mata sun kewaye ta suna rera waƙa ta talatin, ita kuwa tana tsince acca da fuskar wadda aka ɗaure. Raliya ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, tana zaɓen kalmomi kamar mai taka ƙaya.

Mama ta ajiye faifan. "Wannan kwamfuta da yake kwana wurinsa? Shi ne ya ƙone?"

"Ita ce, Mama."

"Ubangiji mai adalci ne. Endurance ne ya aiko ki? Kawo mini takalmi na."

Matan suka ce ai mai makoki ba ta fita. Mama ta ce asibiti za ta, ko an hana mai makoki ciwon kai ne? A hanya, su biyu a bayan babur ɗaya, ta ba Raliya tarihin auren kaf: yadda mutumin ya bar bikin 'yarsu a tsakiya don reshen Nok ya kira, yadda ya taɓa fitowa zai kai mata lema, ya manta da ita ya rufa wa akwatin kwamfuta.

Biyu da kwata suka shiga ofis. Dakta ya miƙe ya fara zancen dattawa da al'ada. Mama ta tambaye shi ko dattawan ne suka yi shekara talatin da takwas suna ɗumama wa mutumin tuwo. Dakta ya koma ya zauna.

"Wanne ne maɓallin?"

Raliya ta nuna mata. Mama ta gyara tabarau, ta karanta sunan mijinta harafi harafi, ta danna da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Sunan ya ɓace.

"Da na san akwai wannan maɓalli," ta ce, "da tuni."

Endurance ta fita da gudu don ta yi dariyarta a waje. Raliya kuwa ba ta da lokacin dariya. Ta shigar da sabuwar kwamfutar cikin rajista, ta rubuta mata suna, ta kashe ta kunna, ta sake kafa layin. Jan akwatin bai fito ba. Uku saura minti goma saƙon farko ya shigo daga Kauru, gwajin wata mai ciki. Sai na Kagoro, sai na Nok, suka yi ta zubowa har ɗari biyu da sha ɗaya, babu wanda ya ɓace. Raliya ta ji daɗin da har ya sa ta ƙwalla.

Mama ba saƙonnin take kallo ba. Ta nuna saman fuskar kwamfutar, inda sunan ya dawo da manyan haruffa.

"Ba yanzu na goge shi ba?"

"Dole a mayar da sunan, Mama. Shi rassan suka sani."

"Wannan ɗin, ƙarfe nawa yake tashi aiki?"

"Ba ya tashi. Dare da rana."

Mama ta matso kusa da kwamfutar. Ta kai hannu ta goge ƙurar da ke kan sunan da bakin zaninta.

"To shi ne," ta ce. Ta jawo kujerarsa, wadda aka yi mako biyar ba wanda ya taɓa, ta zauna a kai. Ta ce a bar ta nan kaɗan, gida hayaniya ta yi yawa.

Dakta ya fita abinsa ya bar Raliya a wurin. Tana tsaye ba ta san ko ta tattara jakarta ba, sai ga Endurance ta dawo da tef ɗin tela a wuya, ta ce ta ɗaga hannu a gwada ta. Ankon jana'izar Baba ne, in ji ta, Dakta ya ce a sa sunanta.

Raliya ta ce ita fa ba ta ma san mutumin ba.

"Ɗaga hannu, malama. Na ma'aikata ne kawai."