Yoyon da Baba Ya Toshe

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana gyaran famfo, kuma ko da ya ajiye sifana, halin bai bar shi ba. Ba ya iya ganin abu yana ɗiga ya wuce. Da ya koma gidan ɗansa da zama, mako bai zagayo ba sai da ya bi kowane bututu ya ɗaure. Da aikin ruwa ya ƙare masa, sai ya juya kan wuta.

A bayan banɗaki ya ci karo da wata koriyar waya. Daga akwatin mita ta sauko, ta bi bango, ta ƙare a jikin wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Baba ya tsuguna ya ƙare mata kallo. Ba ta zuwa ƙwan fitila, ba ta zuwa soket.

"Yoyo ke nan," in ji shi. "Wutarmu ake shayar da ƙasa."

Ya ɗauko filaya ya datse ta, ya naɗe bakin da baƙin tef tsaf. Bai gaya wa kowa ba.

Bayan wata biyu firij ya fara cizo. Ɗan nasa direba ne, yana kan hanya, don haka surukarsa ta kawo masa ƙara.

"Baba, firjin nan yana jan mutum."

Baba ya je da silifas ɗinsa na roba ya dafa ƙofar, ya dafa gefe.

"Ni bai ja ni ba. Sanyi ne, 'yar nan."

Ba ta yi musu da shi ba, sai ta koma buɗe firjin da tsumma.

Akwai jikarsa 'yar wata goma, wadda yake kira Amarya, kullum yana tsokanarta wai ta ƙi yi masa girki. Ta fara kama abu tana miƙewa. Wata safiya uwar ta gama goge kicin, ƙasa jiƙe, ta juyo ta ga yarinyar ta rarrafa har gaban firij tana miƙa hannu. Ta fizgo ta ta ƙafa. Yarinyar ta tsala ihu. A ranar uwar ta kira mai gyaran wuta ba tare da ta shawarci kowa ba, abin da ya ɓata wa Baba rai sosai.

Mai gyaran ya ɗora testa a jikin firjin, ta kawo ja. Ya kashe babban makunni, ya zare fulogi.

"Waya ce ta goge a ciki, wuta na hawa jikin ƙarfen. Amma ai da tun ranar farko fis ya yanke. Ina wayar ƙasa ta gidan nan?"

Suka bi shi bayan banɗaki. Ya ɗaga guntun wayar, ya juya shi, ya yi tsaki.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

Surukar ta dubi tef ɗin. Ta san naɗin, irinsa ne a kan tiyon wanki.

"Haka muka tarar da gidan," ta ce.

"Ba ta zubar da wuta?" Baba ya tambaya.

"Ko ɗigo, Baba. Zaune take kawai. Sai ranar da wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe, ita ce za ta kwashe ta zuwa ƙasa, fis ya yanke. In babu ita, wutar sai ta jira wanda zai taɓa da ƙafa jiƙe, ta bi ta jikinsa."

Baba bai bukaci ƙarin bayani ba. Tanki nawa ya sa wa ƙaramin bututun nan na sama, wanda ke zama a bushe shekara da shekaru, sai ranar da ruwa ya tumbatsa? Da bakinsa ya sha zagin masu toshe shi. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya.

"Ba haka kuka tarar ba," ya ce. "Ni na yanke."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai, ya shiga neman abin da bai ɓata ba cikin jakarsa.

Baba ya juya ga surukarsa.

"Sau nawa ya ja ki?"

"Ya wuce, Baba."

"Sau nawa, 'yar nan?"

"Kullum," ta ce a hankali.

Amarya ta zillo daga kafaɗar uwarta, tana miƙo masa hannu tana dariya. Baba ya ɗaga hannuwansa zai karɓe ta, sai ya dube su, ya mayar da su baya.

"Riƙe ta ke," ya ce. "Riƙe ta da kyau."