Jak ɗin Mamuda da Kafaɗar Dogo

Motar da Mamuda ya saya a shekarar da auduga ta yi albarka a ƙasar Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, tsohuwar a-kori-kura ce wadda ta sha hannu kafin ta iso nasa. Ta zo da tayar safaya, ta zo da sifana, ta zo da hon mai kukan ɗan maraƙi, amma ba ta zo da jak ba, wato ƙarfen nan da ake ɗaga mota da shi idan za a cire taya. Mamuda bai damu ba, domin yana da Dogo.

Dogo Bamaguje ne, gonarsa tana iyaka da ta Mamuda a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, kuma tare suka yi kiwon awaki tun suna yara. Ranar da taya ta fara sacewa a ƙofar gida, ana tsaye ana shawarar yadda za a yi, sai Dogo ya tuɓe taguwa, ya juya wa motar baya, ya durƙusa, ya kama gindinta ya miƙe da shi. Aka yi maza aka tura turmin Lauratu, matar Mamuda, a ƙarƙashi. Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk lokacin da taya ta yi faci sai gari ya taru kamar ranar gayya. Lawal makaɗin noma ya rataya gangarsa, mata su fito bakin danga, ana kirarin Dogo na Baturiya mai goya ƙarfe, shi kuwa yana zagaya motar yana tofa yawu a tafin hannu.

Mamuda yana jin daɗin wannan biki fiye da yadda yake yarda ya gaya wa kansa. Akwai ranakun kasuwa da ya kama zuciyarsa tana fatan ƙusa ta shiga taya a inda jama'a suka fi yawa.

Da farkon damina Baturiya, matar Dogo, ta same shi a zaure yana kaɗe wa motar ƙura da tsumma. Ta durƙusa suka gaisa, ta daɗe tana tambayar mutanen gida, sannan ta rage murya.

"Malam Mamuda, ka nemo wa motarka abin ɗagawa. Mutumin naka ba ya iya juyi a kan tabarma. Kullum sai na shafe masa baya da man kaɗe, yana cizon bakin zane don kada a ji shi."

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Zai gaya maka ne? Kuma kada ya ji daga gare ni ya fito. Idan ya gane tausayinsa aka ji, gara a ce ka mare shi a tsakiyar kasuwa."

Ba ta tashi ba sai da ya yi mata alkawari cewa kafaɗar Dogo ba za ta sake shiga ƙarƙashin motar ba. Bayan tafiyarta Mamuda ya zauna da tsumma a hannu, yana tuna sau nawa ya tafa wa abokinsa alhali jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke.

Dabarar da ya samo ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ya sami Dogo a gona ya ce masa an ce 'yan doka sun fara tsayar da motoci a hanya suna tambayar jak.

"Ka ce musu jak ɗinka yana gona yana noman firi," in ji Dogo.

"Na ƙarfe suke so su gani. Kuma ni ban san mai kyau ba. Kai ne kowa ke ɗauka zuwa kara, kasuwar shanu, idan zai sayi san huɗa."

Dogo ya dogara da fartanya. "To, idan dai ƙaramin ma'aikaci za a ɗauka a ƙarƙashina, ni zan duba haƙoransa."

Suka tafi Funtua. Sai da suka yi lodin irin auduga da takin zamani, sannan suka nufi shagon Sada mai kayan mota, kusa da tashar jirgi. Shago ne mai daɓen siminti sumul, yana warin baƙin mai. Sada ya fito da jak na farko, ɗan siriri wanda ake murɗawa. Dogo ya ɗaga shi da yatsu biyu ya duba ta ƙasa.

"Wannan ai fara ce. A soya ta a ba yara."

Na biyu gajere ne, mai ciki kamar kwalba, da ɗan guntun hannu. Sada ya shafa shi da tsumma. "Malam, wannan shi ya dace da ku. Mai ne a cikinsa, shi ke yin aikin. Yana shiga ƙarƙashin kujera, ko'ina tafiya ta tsaya ka ɗora shi a kan ɗan katako. Ko tsohuwa ce za ta ɗaga motarka da shi."

Kalmar nan ta tsohuwa ba ta wuce kunnen Mamuda ba. Ya saci kallon Dogo, ya ga fuskarsa ta ɗaure.

"Ina ƙafafunsa?" in ji Dogo. "Ka taɓa ganin san huɗa marar ƙafa, mai shago?"

"Ba sa ba ne, Baba, jak ne."

"Shi ya sa yake zaune a shago babu mai so. Wancan fa da ke kwance a lungu?"

A lungun akwai wani dogon abu ja, kwance a kan tayoyin ƙarfe huɗu, da hannu mai tsawon tabarya. Sada ya ce wannan na gareji ne, ba na hanya ba, kuma siminti yake so. Dogo bai saurare shi ba. Ya tsuguna ya daddaki kwiɓin abin, ya leƙa cikinsa, ya murza kowace taya kamar mai duba kofato. Sannan ya kama hannun ya ja, jak ɗin ya biyo shi yana ƙara. Ya zagaya shagon da shi, ya fita ƙofa, ya dawo, yana yi masa irin tsakin da ake yi wa shanu. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai shayi ya tambaya ko yana cin dusa.

"Wannan ya ci ya ƙoshi," in ji Dogo, yana haki yana murmushi. "Dubi ƙirji. Dubi kafaɗa. Wannan ba ya jin maganar tsohuwa."

"Malam," Sada ya ce wa Mamuda, "kai ne mai mota. A ƙasa mai laushi abin nan nutsewa zai yi."

"Ƙafa huɗu gare shi," in ji Dogo. "Ni biyu gare ni, ban taɓa nutsewa ba."

Mamuda ya ji gargaɗin sarai, ya kuma san mai shago ne ke da gaskiya. Amma ya dubi abokinsa riƙe da hannun nan kamar ango da linzami, sai ya ce a ba su jan. Ya yi saurin kiran 'yan dako suka ɗora shi a baya tun Dogo bai sunkuya ba.

A Malumfashi kasuwa tana watsewa, suka ɗebi mutanen ƙauyensu. Baturiya na ciki da ragowar daddawar da ta kai, haka ma Lawal da gangarsa. Kowa ya hau sai ya gaida baƙon, wato jak ɗin, wasu mata suka ɗora ƙafa a kansa, Dogo ya leƙo ta taga ya ce su sauke, ba a saba ba tukuna.

An yi ruwa da rana. Da suka bar babbar hanya suka gangara fadamar da ke kafin gari, sai tayar baya ta yi wani dogon tsaki, motar ta karkace ta tsaya. Kowa ya sauko da murna, domin za a ga aikin baƙo. Aka sauke jak ɗin, Mamuda ya tura shi ƙarƙashi, ya kama hannun ya fara dannawa. Ya danna, ya danna. Motar ba ta motsa ba. Jak ɗin ne ya rinƙa yin ƙasa a hankali, cikin natsuwa, tayoyinsa suka ɓace, cikinsa ya kwanta a laka, har ya yi kama da kada mai shan hantsi.

Dariya ta ɓarke. Wata mata ta zauna a kan kwandonta tana ƙyaƙyatawa. Dogo ya fi kowa, yana dukan cinya hawaye na zuba. Kafin a ankara Lawal ya gyara ratayar ganga ya saki kiɗan nan da kowa ya sani, Dogo kuwa ya kama bakin taguwarsa ya fara janta sama.

Baturiya ba ta yi dariya ba. Mamuda kawai take kallo.

Mamuda ya shiga tsakanin Dogo da motar. Bai san abin da zai faɗa ba sai da ya ji bakinsa yana faɗa.

"Wa ya zaɓi san nan?"

"Ni," in ji Dogo daga cikin taguwa.

"To, ɗaga motar. Gobe a kasuwar Ƙarfi a ce Dogo ya tafi har Funtua, ya duba ƙirji, ya duba kofato, ya zaɓo gurgu. Mai shago ya gaya masa ya ƙi ji. Mu ga wanda zai sake ɗaukarka zuwa kara."

Kiɗa ya tsaya. Taguwar ta daɗe a kan Dogo kafin ta sauko inda ta fito. Ya dubi jak ɗin, ya dubi Mamuda.

"Sa ba ya zama gurgu don ya shiga caɓi, Malam. Mai korarsa ne bai iya ba. Matsa."

Ya karɓi sabuwar fartanya daga hannun wani, ya haƙe lakar da ke gefen tayoyin, ya ja hannun yana lallashi har abin ya fito. Ya sa aka kwaso marmara daga bakin hanya aka zuba aka tattake. Ya sa aka zaro katakon da fasinjoji ke zama a kai aka shimfiɗa, aka tare sauran tayoyin motar da duwatsu. Sannan ya kora jak ɗin bisa katakon, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ware ƙafafu, ya cije leɓe kamar yadda ya saba, ya danna da dukan ƙarfinsa.

Hannun ya tafi ƙasa ba gardama, har Dogo ya kusa kifawa. Motar ta ɗan ɗaga. Ya tsaya ya dubi tafin hannunsa. Ya sake dannawa, a hankali wannan karon, motar ta ƙara tashi da buhunan taki da irin auduga duk a kanta, kayan da a da sai an sauke su kafin ya gwada. Ya mayar da hannu ɗaya baya, ya danna da ɗayan. Wata irin dariya ta kuɓuce masa, siririya, irin wadda Mamuda bai ji ba tun suna bin awaki.

Mamuda ya nuna masa yadda ake murɗa hannun motar ta sauka. Da ta sauka sai Dogo ya juya ga jama'a.

"Ku hau."

"Dogo, taya za mu canza."

"Za a canza. Ku hau duka. Ke ma, uwar gida, hau da daddawarki."

Aka hau ana turereniya. Baturiya ta zauna can bisa buhuna ta riƙe kwarya a cinya. Dogo ya ɗora hannun hagu a kan ƙarfen, ya kama ƙugu da na dama, ya ɗaga mota da kayanta da mutanen ƙauye, mata na guɗa suna riƙe juna. Lawal daga sama ya saki ganga, nan take ya sauya kirarin: Dogo na Baturiya, mai ɗaga gari da hagu. Dogo ya murɗa hannun da sauri fiye da kima, motar ta faɗo tim, kowa ya hantsila kan na kusa da shi, aka ce a sake. Ya sake. Baturiya ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Da ƙyar Mamuda ya sauko da mutane kafin a kwance noti, domin ya ce ba za a cire taya da rai ko ɗaya a bisa ba. Aka sa safaya, aka ɗaure, aka mayar da jak ɗin da katakon baya. Wajen ɗorawa ne Dogo ya gano hannun yana zarewa. Ya zare shi, ya goge lakar da bakin taguwa, ya shiga gaba da shi ya jingina a tsakanin gwiwoyinsa.

A ƙofar gida Lauratu ta fito ta ga baƙon, ta tambaya ko wannan yana nufin turminta ya huta. Dogo ya ce ya huta, amma ta shirya, domin jibi Baturiya za ta tara matan gari a yi wa sansa daɓe a nan ƙofar gida, da makuba da komai, kada a sake kunyata shi a laka. Sannan ya saɓa hannun jak ɗin a kafaɗa kamar makiyayi da sandarsa, ya kama hanyar gidansa.

"Dogo, hannun fa?" in ji Mamuda.

"Wannan ba na kowa ba ne. Wani zai kora shi cikin caɓi." Bai waiwayo ba. "Idan ta sace, a aiko."

"Idan 'yan doka suka tambaya fa?"

"Su ma su aiko."

Baturiya ta bi bayansa da kwaryarta a kai. Da ta zo daidai tagar motar ta miƙa hannu ta ajiye curin daddawa a kan kujerar direba, ta wuce ba ta dubi kowa ba. Mamuda ya tsaya tsakanin motarsa da jak marar hannu, yana kallon bayan abokinsa, wanda ke tafiya a ɗan karkace, yana kaɗa ƙarfen sama yana yi wa kansa sabon kirarin.